Baba Sai-Gobe da Kwalabensa

Kafin a tayar da injin farko a garejinmu, Baba Sai-Gobe ya riga ya iso. Yakan rataye rigarsa a ƙusa, ya wangale ƙofofin rumfa duka biyu, ya kunna fanka, sannan ya nufi tagar da ya jera kwalabensa. Ya ɗaga wannan ya duba a haske, ya girgiza waccan, kamar mai gaida iyali. Shekara talatin da ɗaya yana tare da mu, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na rantse ba zai tafi shiru ba, ko da zai yi fushi da ni.

Ni ce mai kula da sito. Aikinmu gyaran tankokin manyan motocin dakon mai. Ana like gaɓoɓin tanki da wani gam don kada ya yi yoyo. Idan gam ɗin ya shekara sai ya daskare, ya yi tauri kamar taya, kuma ba a sa sabo sai an cire tsohon tas. Mutum zai zura jiki ta wata 'yar kafa a saman tankin, ya durƙusa a ciki yana kankara. Maigidana yana cikin masu shiga.

A da, da wani sinadari ake jiƙa gam ɗin, ma'aikata suna kiransa ruwan wuta. Warinsa kaɗai yakan juya wa mutum kai. Su kuwa da hanci suke auna ƙarfin magani. "Wanda bai sa ka hawaye ba ai ruwan wanki ne," in ji su. Idan mutum ya fito yana layi, sai a miƙa masa gwangwanin madara, wai ta wanke masa ƙirji. Ni da hannuna nake raba madarar, Allah Ya yafe mini. Baba kaɗai ke ƙorafi. Abin da ya iya tilastawa a lokacin shi ne duk mai shiga a ɗaura masa igiya a ƙugu, suna gunaguni wai an mayar da su awaki.

Wata safiya maigidana yana ciki, sai ƙarar kankara ta tsaya. Aka kira shi, shiru. Abokansa biyu suka haye tanki za su faɗa masa. Dattijon nan ya riga su, ya tsaya a bakin kafar ya ware hannuwa.

"Babu mai shiga! Mutum ɗaya za mu fitar, ba uku ba. Ku kama igiya!"

Ina ƙasa ina ihu, na gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Ko kallona bai yi ba. Suka ja, suka fito da shi jiki a sake, Baba ya kwantar da shi a gaban fanka har ya ja numfashi. Daga baya likita ya ce duk wanda ya bi shi ciki, da nan zai zube shi ma.

Likitan ya ƙara da abu biyu. Madara ba ta wanke huhu. Kuma idan maigidana ya ci gaba da shaƙar wannan abu, to mu fara shirin jinyar da ba ta ƙarewa. Manaja ba mugu ba ne, amma ya ce ba shi da wani gurbi sai na cikin tanki. Ya ba shi wata ɗaya ya huta, daga nan a san abin yi. Maigidana kuwa bai iya wata sana'a ba, ga 'ya'ya uku. Ko huhunsa ko aikinsa.

A watan nan ne kwalabe suka hau taga. Baba ya yanko guntayen tsohon gam, ya sa ni in nemo masa samfurin duk wani maganin cire gam da masu kawo mana kaya suke da shi. Kowace kwalba guntu ɗaya da magani ɗaya. Ya ɗora tabarau a kan hanci, ya bi takardar da ke zuwa da kowane magani layi-layi, takardar da mu muke naɗe ƙusoshi da ita. Waɗanda suka fi saurin ci ya ture gefe, don takardunsu sun fi yawan gargaɗi. Ya tsaya a kan wani mai kauri kamar man shafawa.

Ranar gwaji manaja ya sunkuya ya sinsina. "Baba, wannan abin ko wari ba ya yi."

"Ranka ya daɗe, ai gam ba shi da hanci."

Baba ya shafa maganin da burushi a gaɓa guda, ya lulluɓe da leda don kada ya bushe, ya wanke hannu. "Sai gobe," ya ce. Mai waldarmu ya yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar sunan ya bi shi. Ni kaina na ce a raina tsohon nan ya gama da mu.

Washegari duk muka taru. Baba ya yaye ledar. Bai ɗauki ƙarfe ba, ɗan katako ya sa, don kada ya karce tanki ko ya tayar da tartsatsi. Ya zura shi a gefe, ya ɗaga. Gam ɗin da ƙarti ke yini suna fama da shi ya taso kamar ɓawon ayaba, tsawon kamu uku bai tsinke ba, ƙarfen ƙasa yana ƙyalli. Mai walda ya cire hula. Na sha jin mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ranar na gani da idona.

Baba bai tsaya karɓar yabo ba. Wani ya miƙa yatsa zai taɓa, ya buge masa hannu. "Rashin wari ba rashin dafi ba ne. Safar hannu, fanka, igiya, babu wanda aka soke."

Baba, kai ne ka tare ƙofar mutuwa da ƙirjinka ina zaginka. Kai ne ka zauna da takardar da kowa ya raina. Ba ka da digiri, ba a taɓa sa hotonka a bangon ofis ba, amma shekara goma sha biyu ke nan ba a sake jawo kowa daga tanki ba. Na gode, kuma ka yafe mini bakina. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku masu irin aikinmu, ku karanta takarda, ku gwada a ɗan wuri kafin babba, ku yarda aiki ya kwana. Mota za ta jira.

Maigidana ya koma bakin aikinsa, yana nan har yau. Jiya autarmu ta kawo masa balan-balan. Ya hura uku a jere, ya ɗaure, ya miƙa mata, bai yi tari ko sau ɗaya ba. Na shige kicin na yi kukana.