Tsokar da Aka Binne Ba a Duba Ba

Fiye da shekara ashirin ban yi wannan magana a fili ba. Masu tambayar me ya sa hannuna na hagu ba ya ɗaguwa, yau ga amsarku.

Shekarar da soja suka miƙa mulki wani abu mai tauri ya fito mini a kafaɗa, kamar tsohon tabo. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. A hankali ya yi 'ya'ya.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mahauci ne. Ya latsa da yatsa ya ce, "Kitse ne. Ni za a gaya wa nama?"

A wani ƙaramin asibiti nan Agege aka yanke shi, aka miƙo wa maigida a kwano. Ya naɗe a farin ƙyalle ya kai maƙabarta, don ba a zubar da jikin ɗan Adam a bola. Kowa ya yaba masa. Likitan kuwa, da ya san akwai ɗakin gwaji a duniya, bai ce a kai shi can ba.

Abin ya dawo. Aka sake yankewa, aka sake binnewa.

Na uku da jini da wari ya zo. Ina koyarwa, 'yan ajina suna toshe hanci.

A babban asibiti wata likita Bayarbiya ta ce, "Madam, ina sakamakon na baya?"

Na ce, "Yana maƙabarta."

Ba ta yi dariya ba.

Ranar da aka ɗebi tsoka don gwaji, maigida ya zo da ƙyallensa. Ya ce, "Yanzu jikinki za a jiƙa a kwalba kamar tsimi?"

Na ce, "Malam, kana ta binne ni gutsure-gutsure. Ka bar wannan, ko ka tanadi babban ƙyalle."

Ni na riƙe kwalbar har ƙofar ɗakin gwaji.

Kansar fata ce da ba a cika gani ba, sunanta dermatofibrosarcoma. Na dage sai na gan ta da idona, aka bar ni na leƙa madubin likita. Ƙwayoyi sirara sun sarƙe kamar saƙar tabarma, saiwoyinsu sun ratsa cikin kitse, nesa da inda ido yake gani. Ashe kai kawai ake ta cirewa.

Likitar ta ce, "Da na farko aka kawo, ɗan wuri kaɗan za mu yanke."

Suka kwashe fata da tsoka, suka yanko fatar cinyata suka rufe ramin. Keken ɗinkina da sarƙata suka tafi a kuɗin magani. Watanni ina kwana a zaune, kowace safiya wankin miki, ina cizon mayafi.

Bai sake dawowa ba, alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan. Na gode wa Malam, da ya yi jinyata har na miƙe. Asibitin farko kuwa ban yafe ba.

Tabon da yake girma ba tabo ba ne. Duk abin da aka yanka a jikinku, ko bai fi ƙwayar gero ba, ku ce a kai gwaji, ku karɓi sakamakon da hannunku. Binnewa ta biyo baya. Ƙasa za ta jira.