Baiti na Huɗu a Ɗakin Duhun Elisha

Elisha Bitrus ya sauka Kano daga Kagoro a watan Maris na shekarar 1983, da akwatin ƙarfe ɗaya da kyamara ɗaya. Shekara biyu ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a gindin wata darbejiya a Gyaɗi-Gyaɗi, kafin ya samu shago mai ciki da falo a wani lungu. Falon ya zama wurin ɗaukar hoto. Cikin kuwa ya toshe tagarsa da katako, ya liƙe kowace kafa da baƙar leda, ya rataya bargo biyu a bakin ƙofa. Nan ne ɗakin duhu, inda yake wanke fim.

Wankin fim aiki ne na kiyaye lokaci. In aka cire shi daga ruwan magani da wuri, hoton ya fito dishi-dishi. In ya daɗe a ciki, ya yi baƙi ƙirin. Takardar hoto tana jure hasken jan ƙwan lantarki, amma shi fim ko ƙyallin ashana ba ya so, don haka agogo ba shi da amfani a wurin. Wasu masu hoton ƙirga suke yi a zuci. Elisha kaset yake sawa.

An ɗauki kaset ɗin a 1986, a wani taron Zumuntar Mata na cocinsu. Waƙar farko baiti biyar ce, kowane da amshinsa, da kiɗan tulu a ƙasa. Mai bayar da waƙar wata malamar firamare ce, Naomi, wadda ya aura shekara ɗaya bayan nan. Sau goma ya gwada waƙar da agogo da rana tsaka, ya rubuta a bangon littafinsa cewa daga bugun tulu na farko zuwa ƙarshen amshin baiti na huɗu minti bakwai ne cif. Tun daga ranar bai ƙara wanke fim da wata waƙa ba. Sau uku yana kwafe kaset ɗin zuwa sabo. Bai taɓa jona rikodar da wutar lantarki ba, don kada a ɗauke ana tsakar aiki. Da batir kawai yake amfani.

A duhun nan ya yi rabin rayuwarsa, riƙe da fim ta kowane baki, yana ɗaga wannan hannu yana sauke wancan domin fim ɗin ya ratsa maganin da ke cikin tire. Amare, 'yan makaranta, direbobin da ke neman lasisi, ma'aikata ranar ritaya, duk ta hannunsa suka bi. Telan da ke maƙwabtaka da shi yakan ce har shi ya haddace waƙar ta cikin bango, ba don ya so ba.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, aikin ya ja baya. 'Yarsu Mercy ta kawo na'urar buga hoto ta ajiye a falo, Elisha ya koyi danna ta ba tare da gardama ba. Kullum da safe yakan tako daga gidansu na Tarauni tare da Naomi, wadda ta yi ritaya tana zaman shagon. Ɗakin duhun bai rushe shi ba. Yakan share shi ranar Asabar, ya duba gwangwanayen garin magani ko sun sha iska.

Wata Alhamis cikin Oktoban 2022, da misalin ƙarfe goma na safe, wata mata ta sauka daga Adaidaita a bakin lungun. Sunanta Indo, daga Darmanawa. Ta gaisa, ta zauna, ta kwance bakin mayafinta ta fito da fim ɗaya mai hoto goma sha biyu.

"Baba Elisha, shago huɗu na shiga, kowa sai ya yi mini dariya. An ce in ba kai ba, babu."

A cikin akwatin yayanta Tanko, direban bas, suka same shi bayan rasuwarsa. Mahaifiyarsu, Inna Fatima, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai rana ɗaya tak da Tanko ya sayo kyamara ya yi ta yi mata magiya. Bayan wata biyu ta rasu, shi kuma bai taɓa kai fim ɗin wanki ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan.

"'Ya'yana ba su san ta ba," in ji Indo. "Ni kaina, wallahi, in na rufe ido muryarta nake ji, fuskar ta daina zuwa."

Elisha ya juya fim ɗin a tafin hannunsa. Ya gaya mata gaskiya: zafin shekaru ya ci shi, kala ba za ta fito ba, sai dai fari da baƙi, wataƙila ma babu komai. Kuma sau ɗaya ake wanke fim, in ya lalace shi ke nan. Ta ce ta ji, a gwada.

Ya dama magani, ya jera tire uku, ya mayar da kaset farko. Ya ja ƙofa, ya saki barguna, ya kashe ƙwai. Matan biyu suna zaune a benci a falo suka ji tulu ya fara bugawa, sannan muryar wata budurwa ta tashi.

"Wace ce wannan mai zaƙin murya?" Indo ta tambaya.

"Wata ce da na sani da daɗewa," in ji Naomi, tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Baiti na farko ya wuce lafiya. A tsakiyar na biyu kunnen Elisha ya ji abin da bai gane ba. Bugun tulun ya yi nauyi. Muryar Naomi ta fara kauri, tana ja kamar mai jin barci, har ta koma ta namiji. Batir ne ke mutuwa. In ya bi waƙar a haka, minti bakwai zai zama goma ko fiye, fim ɗin ya ƙone. Hannayensa biyu suna riƙe da shi, ba damar saki, ba damar buɗe ƙofa.

"Maman Mercy!"

"Na'am?"

"Sababbin batiran da na sa shekaranjiya, ina suke?"



"Tocilata ce ta mutu, Baban Mercy. Na ce ai wata uku rabonka da wanke fim, sai na musanya."

"Kin kyauta. To matso bakin ƙofa, kada ki taɓa bargo. Kama mini daga amshin baiti na biyu."

"Ni? Yanzu? A gaban baƙuwa?"

"Ke kika cire batir, ke za ki zama batir. Yi maza!"

Ya sa gwiwar hannu ya danne rikodar ta yi shiru. Naomi ta yi gyaran murya ta kama. Kunya ta sa ta zuba da gudu.

"A hankali! Ba mota za ki tara ba."

"To ba kiɗa, da me zan auna?"

Sai ya ji bugu a jikin benci, biyu a haɗe, ɗaya a ware, daidai yadda tulun ke yi a kaset. Indo ce. Baiti ɗaya ta ji ta bayan ƙofa, amma hannunta ya riƙe. Naomi ta hau kan bugun ta daidaita. Muryar ta tsufa, tana karyewa a wurin hawa, sai dai inda take jan numfashi a 1986 nan take ja yanzu. Elisha ya ci gaba da ɗaga hannu da saukewa. Ya lissafa cewa jan da kaset ya yi da 'yar gardamarsu sun ci kusan rabin minti, ya ga tsohon fim ba zai ƙi wannan ƙarin ba. Da amshin baiti na huɗu ya kai ƙarshe ya ɗaga fim ɗin, ya tsoma a ruwa, ya mayar cikin tire na uku mai tsayar da hoto.

"Ya isa haka, malama."

"Saura baiti ɗaya," in ji Naomi, ta kuwa ƙarasa abinta.

Bayan fim ɗin ya bushe, Elisha ya ɗaga shi a hasken ƙofa ya bi ɗaya bayan ɗaya. Bakwai sun tafi, hazo ne kawai. Uku bas ɗin Tanko ce, gaba da baya da gefe. Ɗaya katanga ce da rabin akuya. A na goma sha biyu akwai mutum zaune a kan tabarma.

Ya kunna jan ƙwai, ya haska hoton a kan takarda, sannan ya yi abin da bai saba yi wa mai kawo aiki ba: ya ɗaga bargo ya ce Indo ta shigo. Ta tsaya a gefensa tana kallon farar takarda a cikin magani. Tabarma ce ta fara fitowa, sai zanen atamfa, sai hannu ɗaya a ɗage kamar mai cewa a bari. Daga ƙarshe fuskar ta taso, ta ɗan kauce wa kyamara, tana dariya.

Indo ta sunkuya har mayafinta ya kusa taɓa ruwan. Ta daɗe ba ta motsa ba.

"Allah Ya jiƙan ki, Inna," ta ce a hankali. Sannan ta juya wajen ƙofa. "Maman Mercy, zo ki gani. Ashe tana da wushirya. Na manta sam."