Kunyar 'Yar Fari

A shekararmu ta uku a Doha 'yata ta fari ta soma tsige gashin kanta. Shekararta bakwai. Ni da nake mata kitso duk Juma'a ni ce ta ƙarshen lura, sai da malamarta ta kira ni ta nuna min wani fili a bayan kunnenta, tas kamar an bi da reza. Makaranta ta ba mu takarda mu kai ta wajen likitar yara, irin masu magani da hira.

Maigidana injiniya ne, ya yi imani duk abin da ya lalace a duniya wani noti ne aka manta ba a ɗaure ba. Ya ce makero ne. Na ce makero ba ya hana yarinya cin abinci tare da iyayenta. Ya ce to ko iska ce. Na ce aljanin da zai bar Kano ya nemi biza ya biyo mu har unguwarmu ta Al Wukair ya cancanci a ware masa ɗaki. Ni kuma malamar jami'a ce, na yi karatun da ya ishe ni raina kowa, don haka da niyyar raina likitar na fita.

Tun a mota muka yi wa yarinyar bita. "In ta tambaye ki gida, ki ce lafiya lau," in ji babanta. "Ban da surutu." Wato mun ɗauko yarinya za mu kai ta wajen mai sauraro, amma mun kulle mata baki tun daga bakin get.

Likitar 'yar Lebanon ce, dattijuwa. Ofishinta babu allura babu ma'aunin zafi, sai kafet da akwatin 'yartsana da fensira masu kala. Babban aikinta ta zuba maka ido ta ce "hmm". Maigida ya kwashe minti ashirin yana bayyana mata cewa gidanmu ba shi da matsala. Ta ce hmm. Daga ranar, aiki ya riƙa yi masa yawa duk Talatar ganin likita, ni kaɗai nake kai ta.

Wata biyu ina zama a waje ina danna waya, su suna ciki suna wasan 'yartsana, abin da muke da shi a gida har ƙarƙashin gado. Ran nan likitar ta ce tana son ganina ni kaɗai. Ta ce abin da yarinyar ke faɗa mata tsakaninsu ne, amma akwai abin da ta ji da kunnenta.

"Kullum ina jin ki a bakin ƙofa," ta ce. "Ƙaninta kina kiransa da sunansa, har da na shagwaɓa. Ita ban taɓa jin kin kira sunanta ba."

Na yi dariyar da nake wa ɗalibin da bai yi karatu ba, na gyara zama na ba ta lacca. Na ce a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta rungumarsa a gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ce, kuma ado ce ga mace. Na ce ni ma 'yar fari ce, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, ga ni nan da digiri uku da gashina cif.

"Hmm. To wa yake kiran sunan naki?"

Na ce kakata mana, da gwaggonnina, da duk gidan. Kakata ce ta goye ni, a ɗakinta aka yaye ni, ita ke ɓoye min tsokar nama a ƙasan tuwo. Har na fara jin daɗin labarin.

"Ita fa, a gidanku na nan, wa take da shi?"

Na yi lissafi a zuciyata. Mu huɗu ne a gidan. Babanta shi ma 'yar farinsa ce, "ke" yake ce mata kamar yadda nake yi. Kakarta tana cikin waya, minti biyar ranar Juma'a, rabinsu a "kuna ji na?" suke ƙarewa. Mun ƙunso kunyar tsaf cikin akwati tare da kuka da daddawa, mun baro kakar a Kano.

Haushi ya kama ni, na ce mata ba ta san al'adarmu ba. Ta ce gaskiya ne. Ta ce ita ma yarinyar ba ta sani ba, tunda babu wanda ya taɓa yi mata laccar da na yi yanzu. Abin da ta sani shi ne uwarta tana ɗora ƙaninta a cinya.

Sati biyu ban koma ba. Da na ba maigida labari, ya ce haka likitocin nan suke, su lalata wa mutane tarbiyya su ce ilimi ne. Yana rufe baki ya ɗaga murya ya ce, "Ke, kawo min ruwa." A cikin satin nan biyu filin ya faɗaɗa har kitso ya kasa rufe shi. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, cewa yarinyar nan za ta girma da yaƙinin ba na son ta.

Sai na koma gwaji a mota. In na yi fakin a wajen aiki, sai in rufe gilas in faɗi sunan da ƙarfi. Sunan da ni da kaina na amince da shi ranar suna, amma ya yi min nauyi a baki kamar zan yi ashar gaban suruki. Mai gadin wajen, wani Bakatsine, ya taɓa ƙwanƙwasa gilas ya ce, "Hajiya, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, karatu nake.

Wata Asabar da la'asar ina kicin ina yanka albasa, tana falo ita kaɗai. Na kira sunanta. Shiru. Na sake kira.

Ta taho a hankali ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Umma, me na yi?"

Na ce, "Ba ki yi komai ba. Kiran ki kawai na yi."

Ta daɗe a tsaye tana kallona, tana jira in faɗi laifin.