Yadda Na Juyo Daga Magada Da Kayan Kwamfutar Jikana

Tashi daga Garwa

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da jikana Nasiru, gari bai gama wayewa ba. Matata Hajiya Dije ta biyo mu har zaure da ƙullin ƙosai. Nasiru ya karɓa ya ce, "Amaryata, kwantar da hankalinki, zan dawo miki da tsohon nan lafiya. In kuma ya ɓata a hanya, shi ke nan, fili ya zama nawa."

Ta ce, "Tafi can, miji ba ko dala."

Nasiru ɗan 'yata Rabi ne, a hannuna ya tashi tun rasuwar ubansa. Ya gama makaranta aiki bai samu ba, sai ya ba da ƙarfi ga wasan kwamfuta, irin wanda samari ke karawa da juna daga gari zuwa gari. Abokan wasansa na Duwala suka ce ya koma can su zauna tare, ya kuma fara haɗa jaka. Rabi ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce shi kaɗai gare ta. Da na tuntuɓe shi, ya ce in da yana da na'ura mai ƙarfi tasa ta kansa, daga ɗakinsa ma zai iya karawa da kowa, ba sai ya je ko'ina ba. Amma irin wannan ba a sayenta a haɗe, gaɓa gaɓa ake zaɓa a harhaɗa. Na sayar da sa guda na ce mu je.

Shi ya so a aiko da kayan daga Duwala. Na ce ina! Ni Alhaji Sale, da na tsufa a fataucin shanu, ban taɓa sayen abin da hannuna bai taɓa ba. Kuma ina da mai masauki a Marwa, Alhaji Hamadu na unguwar Domayo, ɗansa Yaya kayan kwamfuta yake sayarwa. Ba a tsallake mai masauki a je wa baƙo.

Babura biyu suka kai mu ajans, wato tashar mota, muka sami mota ta kusa cika.

Pitowa zuwa Marwa

Lokacin bazara ne, tun kafin mu kai Pitowa rana ta fara nuna halinta. Nasiru ya matso yana yi mini bayani. Ya ce akwai uwar allo, wadda suke kira kartimer, a kanta kowane abu yake zama. Akwai furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar. Akwai katin hoto, shi ke zana duk abin da ido ke gani a wasan. Ya ce, "Kaka, abin lura shi ne kowace uwa da irin ƙwaƙwalwar da take karɓa."

Na ce, "To, to." Gaskiya idona na kan wani garke da ake korawa a gefen hanya, ina ƙiyasta abin da jan bijimin gaba zai yi a kasuwar Adumri.

A Figil direba ya tsaya shan shayi, muka ci ƙosanmu a gindin wata bishiya da ƙurar siminti ta mayar fara. Daga nan shingayen jandarmomi suka yawaita, don shekarun nan hanyar arewa ba a wasa da ita. Kowane shinge sai a sauko, a nuna katin shaida, a taka a ƙasa a tarar da mota a gaba. Direba ya dube ni ina ɗingishi ya ce, "Baba, yau ka biya kuɗin mota ka kuma biya da ƙafa."

Azahar ta yi mana a Marwa.

Domayo

Alhaji Hamadu ya tarbe mu a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya. Bafulatani ne, a gidansa nake sauka tun muna kawo shanu a ƙasa. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Jam na, Alhaji? Lafiya dai? Ashe kana raye! Na ɗauka mahautan Garwa sun haɗa da kai sun yanka."

Na ce, "Sun duba sun ga ba kitse."

Aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da naman kai, aka bi da kindirmo mai sanyi. Muka wuni muna tuna mutanen da suka riga mu. Aka shimfiɗa mana a ɗakin baƙi, wanda na sani tun yana da jinka.

Shagon Yaya

Da hantsi Alhaji Hamadu ya raka mu da kansa. Yaya ya taso ya durƙusa ya gaishe ni. Yaron nan ina wurin aka raɗa masa suna. Aka kawo mana kujeru biyu, ni da ubansa, samarin suka tsaya.

Suka fara da uwar allo. Nasiru ya zaɓa, Yaya ya gyaɗa kai. Suka ɗauki akwatin da za a zuba kayan a ciki, da fankoki, saboda zafin Garwa. Da aka zo kan ƙwaƙwalwa, Nasiru ya nuna wani ɗan kwali. Na tambayi Yaya ko ita ce babba a shagon. Ya ce a'a, akwai wadda ta fi ta tsada, ta wani kamfani daban.

Alhaji Hamadu ya yi dariya ya ce, "Alhaji Sale da ake ba da labarinsa, ya zo har Marwa ya sayi maraƙi?"

Wasa yake yi, amma maganar ta shige ni. Na ce a ajiye ƙaramar a kawo babbar.

Nasiru ya ce, "Kaka, ai waccan..."

Na ɗaga masa hannu. A kasuwar shanu in manya na ciniki yaro ba ya sa baki, ko da shi ya yi kiwon san. Na ce, "Yara su yi shiru, manya na magana." Da ƙarfi na faɗa, har mai shagon kusa ya leƙo.

Aka zo katin hoto. Yaya ya ajiye biyu. Na ɗauki wanda Nasiru ke kallo, na auna a tafin hannu, ba nauyi. Na ɗauki ɗayan, dogo, mai kauri, hannuna ya nutse. Na ce, "Wannan shi ne mai jiki." Ban tambayi shekarunsa ba, ni da ba na sayen sa sai na buɗe bakinsa na ga haƙori.

Muka ja ciniki da uban, ya ce albarka, na ƙara, ya ce ya sallama, muka tafa. Aka ɗaure kaya a babban kwali. Nasiru ya ɗora a ka ya yi gaba. Na ce masa, "Abokina, yau ka ga yadda ake sayayya." Ya ce, "Na gani, Kaka." Bai tsokane ni ba, ban kuma lura ba.

Shingen Magada

Bayan azahar muka kama hanyar gida. Muka wuce Salak, Nasiru na kallon taga. Na miƙa masa goro ya ce ya ƙoshi. Wayarsa ta yi ƙara, na ji yana cewa da Faransanci yana nan tafe Duwala ƙarshen wata. Faransancina na kasuwa ne, amma wannan na gane shi.

A mararrabar Magada aka sauke mu. Wani jandarma matashi ya ce a buɗe kwalin. Yana ganin kayan fuskarsa ta sake, da gani shi ma ɗan wasan ne. Ya ɗaga kwalin ƙwaƙwalwar, ya ɗaga na uwar allon, ya dubi wannan ya dubi wancan. Sai ya fashe da dariya. Ya juya Fulatanci yadda kowa zai ji, ya ce, "Wa ya haɗa muku wannan? Ai ko da guduma ba za ta zauna a kan wannan uwar ba. Katin nan kuma tsohon yayi ne, wuta kawai zai sha, akwatin ma ba zai ɗauke shi ba."

Fasinjoji suka matso. Wata mata mai buhun albasa ta ce, "Wayyo, an cuci tsoho."

Kafin in buɗe baki Nasiru ya ce, "Shef, ni na zaɓa. Ban duba da kyau ba."

Jandarman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, ka koma makaranta." Mutane suka yi dariya, yaron ya sunkuya yana ɗaure kwali.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tsayuwar ba. Na rufe masa baki a gaban mutane, shi kuma ya rufa mini asiri a gaban mutane. Na ja shi gefe na ce, "Gaskiya ya faɗa?"

Ya ce, "Gaskiya ne."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya dube ni, na tuna hannun da na ɗaga masa a shago.

Na ce, "Yi mini bayani yadda zan gane."

Ya ce, "Kaka, in manomi ya zo sayen shanun huɗa, kana haɗa masa dogo da gajere don dogon ya fi tsada?"

Ba na yi. Karkiya ba ta zama.

Direba na ta oda. Na ce ya sauke mana jakarmu. Ya ce, "Baba, kuɗin mota ba ya dawowa fa." Na ce na sani. Nasiru ya ce, "Kaka, an riga an sallama. Bari kawai, zan san yadda zan yi." Na san yadda zai yi ɗin, na ji shi a waya. Muka tsallaka titi muka tsaya a ɗaya gefen. Wata motar ɗaukar auduga da ke komawa ba kaya ta tsaya mana, muka zauna gaba kusa da direba, kwalin a cinyata.

Domayo kuma

La'asar sakaliya muka iso. Alhaji Hamadu na kan tabarma da carbi. Ya ga kwalin, ya gan ni, ya matsa mini na zauna. A sana'armu in an tafa an sallama, ko san ya faɗi a bakin kasuwa na mai saye ne. Mai dawo da kaya ba a sake ɗaukarsa da daraja.

Na ce, "Alhaji, na dawo da kaya."

Ya ce, "Kai? Ba kai ne a Adumri wani bawan Allah ya dawo maka da saniya mai tari, ka ce masa hannu ya riga ya tafa ba? Ina tsaye a wurin."

Na ce, "Ni ne."

Ya ajiye carbi. Sa'an nan ya ce shagon ba nasa ba ne, na yaro ne, in je in roƙi yaro. Aka kira Yaya. Ya zo zai durƙusa na ce ya tsaya. Na faɗa masa abin da ya faru a Magada, na roƙe shi ya karɓa.

Ya ce, "Baba, ai na sani tun da safe. Tun da kuka fita ban iya cin abinci ba."

Na ce, "Ka sani ka bar ni na ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka ce yara su yi shiru. Ni ma yaro ne."

Alhaji Hamadu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Za a karɓa, tunda ni na zuga ka. Amma gobe ni da kai a waje za mu zauna."

Haka aka yi. Washegari aka ajiye mana benci a ƙofar shago, wurin da masu babura ke jiran fasinja. Ina jiyo su a ciki suna musu, suna dariya, suna kiran sunaye da lambobin da ban sani ba. Nasiru ya ɗauki ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da katin mara nauyi. Kuɗin da ya ragu ya sa a na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, abin da ni ko a mafarki ba zan tuna ba, alhali kullum sai an ɗauke mana. Suka ce ba za a ɗaure ba sai an gwada. Suka harhaɗa a kan tebur. Can Nasiru ya leƙo ya ce, "Kaka, an yarda ka shigo, amma hannu a aljihu."

Na shiga. Ya danna, fankoki suka juya, allo ya kawo haske.

Isowa gida

Da muka zo Magada jandarman nan yana nan. Ya gane mu ya ce, "Ɗalibi ya gyara?" Na ce masa, "Ɗana, jiya ni na zaɓa, ba shi ba. Yau shi ya zaɓa." Ya duba cikin kwalin, ya sara wa Nasiru.

Mun shiga Garwa ana kiran magariba. Rabi na tsakar gida, ta dubi kwalin ta dubi ɗanta. Shi kuwa ya wuce wurin kakarsa ya ce, "Amaryata, ga tsohonki na dawo da shi. Saura kaɗan in musanya shi a Domayo, aka ce wanda aka sallama ba ya dawowa."

Ta ce, "Da ka bar musu shi kyauta."

Ya juya ga uwarsa ya ce, "Inna, a fitar mini da kayan jakar nan, ina son tebur a ɗakina."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Alhaji Hamadu da ɗansa Yaya, da direban audugar da ya ƙi karɓar ko dala. Jakar Nasiru tana saman kabad har yau. In zafi ya yi yawa nakan shiga ɗakinsa in zauna kusa da fankokin, ina kallon yana wasa, hannuna a aljihu.