Ranar da Aka Cire Maƙeri Daga Gari

Yarintarmu wahala ce, babu abin da zan ƙawata a ciki. Wata Asabar ce cikin watan Yuli, shekarar da nake aji huɗu, ajin da daga shi ban ƙara komawa makaranta ba. Tun safe ake yayyafi irin na Jos, wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana shiga har ƙashi. Na dawo daga tsintar gwangwani a bolar bakin Titin Bauchi, buhu a kai, ƙafa ba takalmi, yatsuna sun ƙame don sanyi. Babana maƙerin gwangwani ne a Anguwan Rogo. Da gwangwanin madara da na tumatir yake yin fitilar aci-bal-bal, ya yanka, ya liƙe da dalma, ya zura lagwani. Aikina in tsinto, in wanke da toka da yashi, in shanya, sannan in ɗebo ruwa garwa uku kafin a ba ni abinci. A ranar nan, da gudu na yi duk wannan, domin ranar ce zan zama boka.

Kada a ɗauka wani abu ne, wasa ne. Akwai wani yaro a ajinmu, Dung, ɗan asalin tsaunin nan, gidansu can wajen Gada Biyu. Cutar shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu, ba ya ƙwallo, ba ya langa, sai ya ƙirƙiro nasa wasan. A bayan gidansu, ƙarƙashin rumfar da mamarsa ke ajiye dankalin turawa, ya gina ƙasa guda da taɓo. Akwai kasuwa, akwai gonaki, akwai gadar kara, ruwan da ke zubowa daga kwanon rumfar shi ne kogi. Kowannenmu yana da marfin kwalba, shi ne mutuminsa. Emeka, wanda babansa ke da shagon kayan keke, shi ne ɗan kasuwa. Akwai maharbi, akwai mai jaki. Ni kuwa maƙeri aka ba ni, wai tunda gadona ne. Dung shi ba shi da nasa mutumin a cikin garin. Zama yake a kan buhu, da wani tsohon littafin rubutu da ya cika da dokoki, ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ƙwayar ludo, shi kuma ya gaya maka abin da ya faru. In mamarsa ta gaji da surutunmu, ta miƙo mana kwanon gwate mu yi shiru.

Bokanci zagayawa yake yi. Wanda ya faɗo kansa yana da tsafi ɗaya, duk abin da ya ga dama. Amma Dung yana da magana guda da yake maimaitawa har muka haddace: "Tsafi ba ya tsayawa inda ka ajiye shi." Da Emeka ya zama boka, ya yi buhun shinkafar da ba ta ƙarewa. Mun yi murna, sai Dung ya ce to manoma sun daina noma, fartanya ta yi tsatsa, yara sun tashi ba su san shuka ba. Ranar da aka sace buhun, yunwa ta kusa gamawa da garin. Wani yaro ya sa mutane suna tashi sama. Dung ya ce madalla, amma gada ta rushe ba mai gyara, mai jaki ya sayar da jakinsa, katanga ta zama banza domin ɓarawo ta sama yake zuwa, dole kowa ya rufe tsakar gidansa da jinka. Mukan yi masa ihu, mu ce mugu ne. Shi kuma sai ya ce, "Ni ban yi komai ba, ku kuka roƙa."

Ni na daɗe da sanin abin da zan roƙa. Ɗaki ɗaya muke kwana mu shida, hayaƙin aci-bal-bal yana cika shi, da safe kowa hancinsa baƙi. Ƙanwata Ladi tari take yi ba damina ba rani, kuma akwai tabon ƙuna a hannunta, ranar da fitila ta kife mata. Saboda haka da na iso rumfar, na ce ina son dutse mai haske a kowane ɗaki, ba hayaƙi, ba kananzir, ba ya ƙona kowa. Na jefa ƙwaya, shida ta fito. Dung ya yi murmushi ya fara lissafo abin da ya biyo baya. Yara sun daina tari. Teloli suna ƙara aiki. Gobara ta ragu. Mai kananzir ya rufe shago. Sai ya kalli garin, ya miƙa hannu ya ɗauki marfin kwalbata na maƙeri, ya ajiye shi can bayan shingen ƙayar ƙerana da ya kewaye gidan. Ya ce, "Wa zai sayi fitila yanzu? Maƙeri ya tafi wani gari neman aiki."

Na ce ai zai iya ƙera wani abu. Dung ya ce to jefa mu gani. Na jefa, ɗaya ta fito. Nan Emeka ya fashe da dariya har yana birgima, yana cewa, "Sale ya kori babansa! Sale ya kori babansa daga gari!" Sauran suka ɗauka. Wallahi har yau ban san me ya fi ƙona ni ba, dariyar ce ko kuwa ganin da na yi cewa Dung bai yi ƙarya ba. Na tattake kasuwar da ƙafa, na fita cikin yayyafi ban waiwaya ba.

Da a nan na tsaya, da abin yara ne. Na isa gida na tarar da Baba a tsugune yana liƙa, idonsa ja don hayaƙin dalma. Na gaya masa wai Dung tsafi yake koya mana, wai yana da littafi cike da sunayen aljanu. Na san ƙarya ce ina faɗinta. Baba ba mai yawan magana ba ne. Ranar Lahadi da yamma ya sa rigarsa ta Juma'a, ya taka da ƙafa har Gada Biyu. Baban Dung kafinta ne, kuma yana wa'azi a wata ƙaramar coci. Mutanen nan biyu ba su taɓa zama sun yi zancen addini ba, amma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya. Emeka ne ya ba ni labari: an jefa littafin cikin murhu, an zane Dung da bulala a ƙafarsa mai lafiya, mamarsa ta bi ƙasar taɓon da fartanya ta dasa kabeji a wurin.

Ranar Litinin na shiga aji. Dung ya ɗago ya ce, "Sale, ina kwana," ya matsa mini wuri a benci kamar kullum. Na ce a raina, to, bai san cewa ni ne ba. Na zauna. Daga ƙarshen shekarar aka cire ni daga makaranta. In mun haɗu a hanya yakan gaishe ni, ya tambayi tarin Ladi, ni kuma in amsa in wuce da sauri. Sau da yawa na shirya maganar a bakina. Daga baya rikici ya canza gari, kowa ya koma ɓangarensa, unguwar da kake shiga cin gwate ta zama sai ka yi tunani kafin ka shiga. Na samu abin fakewa.

Dutsen kuwa ya zo, ba boka ne ya kawo shi ba, a kwali aka shigo da shi kasuwa. Fitilar batir, daga baya ta caji. Ladi ta daina tari, wannan gaskiya ne, yanzu 'ya'yanta biyar. Aci-bal-bal ɗin Baba kuma suka taru a lungu suna tsatsa. Ya gwada mazurari da moɗa, roba ta zo ta kashe su. Da furfurarsa ya tafi wani gari aikin gadi, can ya rasu, sai labari muka samu. Ni yanzu keke napep nake tuƙawa. Ɗana yana da irin wasan nan a waya, mutuminsa na jefa wuta da hannu, yana tashi sama, yana tayar da matattu. Na zauna na kalla. Bayan duk wannan, garin yana nan yadda yake, mai doki na kan dokinsa, maƙeri na ƙirarsa, ba wanda ya rasa abinci saboda tsafin wani. Na ce masa wanda ya yi wasan nan bai taɓa zama a gidan mai sana'a ba. Bai ma ɗago kai ba.

Makon jiya na ɗauki wata mata da kwandon kabeji. Muna tafe tana kallona ta madubi, can ta ce, "Oga, ba kai ne Sale ɗan mai fitila ba?" Kangyang ce, yayar Dung. Na tambaye ta shi. Ta ce ai Dung ya rasu bara, ciwon ƙoda, ya bar mata da yara biyu, kuma har ya mutu malamin firamare ne. Na tsayar da keken a gefen titi. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina gaya mata ni ne na kai ƙarar nan. Ta yi 'yar dariya mara daɗi ta ce, "Ai ya sani. Tun ranar Babanmu ya gaya masa, kafin ma ya ɗauki bulala."

Ashe da saninsa ya matsa mini a benci. Shekara talatin da wani abu ina ɓoye wa mutum abin da yake riƙe da shi, yana gaishe ni. A da muna da ƙasar taɓo da mai gaya mana gaskiya, yanzu haske ya cika ko'ina, shi kuma babu shi. Gafarar da ba ka nema ba, ita ta fi nauyi.

Kangyang ta kwatanta mini gidan kafin ta sauka. Washegari da safe ban nufi tasha ba. Na je Gada Biyu, na yi sallama, na yi wa matarsa gaisuwar da ta makara da shekara guda. Yaran na tsaye da kayan makaranta, za su taka da ƙafa. Na ce su hau, na kai su.