Bayan An Rage wa Maigida Tumbi

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, maigidana kuma yana dillancin albasa a kasuwa. Shi ke tsayawa tsakanin manoman da ke kawo ta cikin jirgin ruwa daga ƙauyukan bakin tafki da fataken da ke loda ta a manyan motoci su yi kudu. Ƙaton mutum ne mai faɗin kafaɗa, kuma duk unguwa an san shi da ci. Ba haɗama ba ce, don bai taɓa kai hannu gaban wani ba. Kwano ne dai ba ya dawowa daga gabansa da saura. Da safe koko da ƙosai, da hantsi fura, da rana shinkafa da kifi a rumfar wata mai abinci. Bayan magariba kuma mazan layinmu kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su yi ciyayya, kowane gida ya fito da nasa tuwon a haɗu a ci tare. Kwanon gidanmu ya fi na kowa girma.

Ya daɗe yana fama da gyambon ciki. Idan ya motsa sai ya jiƙa kanwa ya sha, ya koma kan aikinsa. Wata ranar kasuwa yana tsakiyar ciniki ya yi aman jini, ya faɗi kan buhunan albasa. Ina cikin aji aka zo aka kira ni. A asibitin garinmu suka ce abin sai babban asibiti, aka sa shi a mota muka tafi birni. Can aka yi masa aiki.

Da ya farfaɗo, likitan ya kira ni ofishinsa. Dattijo ne, Hausarsa ta koyo ce amma ana fahimta. Ya ɗauki kofin shayin da ke kan teburinsa ya nuna mini.

"Malama, tumbin mijinki ya lalace, mun yanke mafi yawansa. Abin da ya rage bai fi wannan kofi ba. Zai ɗan buɗe a hankali, amma ba zai koma kamar da ba."

Na tambaye shi me zan riƙa ba shi. Ya ce kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Ya tauna sosai. Kada ya haɗa ci da shan ruwa, ya bari sai abincin ya sauka. Ya kiyayi zaƙi. Ya ce kifi da ƙwai da wake su zo gaba, tuwo ya biyo baya in akwai wuri. Na dubi kofin, na tuna kwanon ƙofar gida.

Da muka dawo Yelwa, kunu kawai yake sha, mai ruwa-ruwa, da cokali. Ina zuba masa ludayi ɗaya ya daɗe a kansa, ya ture sauran. Daga baya na fara dama shi da kauri, na koma dafa dankali in murƙushe, in yi romon kifi in tsince ƙaya. Ni kaina hannuna ya saba da awon da, sai in ga na tuƙa tukunya cike alhali mai cinyewa ba ya iya ci. Makwabta sun sha tuwona a lokacin.

Shi kuma bai yarda da maganar likita ba sai da jikinsa ya faɗa masa. Wata rana na dawo daga makaranta na same shi kwance a tsakar gida, gumi ya jiƙa masa riga, yana cewa zuciyarsa za ta fito. Ga ƙwaryar fura a gefe, an sha rabi. Ya aika ne aka damo masa da sukari kamar yadda ya saba. Na yi masa fifita har abin ya lafa.

"Hura ɗai na sha," in ji shi. "Hurar da nike sha tun ina yaro."

"Ai cikin ba na lokacin ba ne," na ce masa.

Bai sake ba. Tuwo ma ya gwada shi sau ɗaya da lomarsa ta da, ya tashi da gudu ya yi bayan ɗaki. Tun daga nan ya koyi gutsurar loma kamar ta yaye.

Sai rama ta zo. Wuyan riga ya yi masa yawa, agogo ya riƙa zamewa zuwa tafin hannu. Lokacin kuwa rediyo kullum maganar ciwon nan ake yi mai ƙarar da mutum, wanda ba shi da magani. Ba wanda ya faɗa mana a fuska cewa shi ake zargin ya kama maigida. Amma nakan shiga ɗakin malamai hira ta tsaya, kuma da ya koma fita ciyayya, kwanonmu ya fara dawowa ba a taɓa shi sosai ba. Mutum ɗaya ne bai canja ba, wani tela Bakambare, Kirista, da ke haya a gidan da ke kallon namu. Shi kan matso ya zauna kusa da shi, ya sa hannu cikin kwanonmu ya ci ya ƙoshi, yana ba shi labarin masu kawo ɗinki.

Wata rana ana cikin ci, ina jin su daga bayan ƙofa, maigida ya ce, "Jama'a, ku dakata in gwada muku wani abu." Ya ɗaga rigarsa, tabon ɗinkin ya fito tun daga ƙahon zuci har cibiya. "Ga abin da anka yi mani. Tumbi anka yanke. In akwai mai wata tambaya shi yi ta yanzu." Aka yi ta sannu da Allah ya ƙara sauƙi. Maganar ta ragu bayan nan, ko da yake ba ta mutu gaba ɗaya ba sai da mutane suka ga watanni na wucewa yana nan yana zuwa kasuwa.

Da aka ba mu hutun makaranta muka shirya zuwa Wara gaishe da Inna, mahaifiyata. Ita sana'arta bandar kifi, gidanta ba nisa da bakin ruwa. An gaya mata surukinta ya yi jinya ya warke, amma ba wanda ya yi mata bayanin aikin. Tsakaninta da shi kuwa akwai kunya irin ta surukai, ba su zama wuri ɗaya, ba su doguwar magana. Abin da ke tsakaninsu tuwo ne. Duk zuwanmu takan tuƙa na shinkafa ta yi miyar kifi ta aika zaure, kwano ya dawo a sharce, ta yi ta faɗa wa makwabta cewa surukinta na Yelwa ba ya raina hannunta.

Wannan zuwan ma haka ta yi. Ta sa aka nemo mata giwan ruwa tun da safe, ta yi miya da man shanu, ta cika akushi. Yayana, wanda ke zaune a gidan da iyalinsa, ya ɗauka ya kai zaure. Na so in yi mata magana tun tana kwasa, sai baƙi mata suka shigo gaisuwa, na bari.

Ba a daɗe ba akushi ya dawo. An ɗan gutsuri gefen malmala ɗaya, an ɗauki tsokar kifi kaɗan. Yayana ma bai ci da yawa ba, don ya ji nauyin ci gaba da ci baƙo ya janye hannu. Inna ta buɗe faifai ta duba, ta rufe. Ta ɗanɗana miyar da yatsa. Ta sallami baƙinta, sannan ta kira ni ɗaki.

"Mi na yi mashi?"

"Ba ki yi mashi komi ba, Inna."

"To ke mi kinka yi mashi? Mutum ya rame kamar kara, ya zo gidana ya ƙi cin tuwona. In faɗa kunka yi ki gaya mani."

Na ce ba faɗa. Na ɗauko ƙaramin ludayin da ke rataye na nuna mata, na ce abin da ya rage na tumbinsa ke nan, likitoci sun yanke sauran. Ta dube ni ta dubi ludayin.

"A yanke ma mutum tumbi shi tashi shi yi tahiya? Ke da kinka yi boko, haka anka koya muku?"

Na ce ga shi kuwa a zaure, da ƙafarsa ya zo. Na faɗa mata yadda yake ci a gida, da abin da fura ta yi masa. Ta karɓi ludayin tana jujjuya shi a hannu. Can ta ce, "Yunwa fa? Shina jin ta?" Na ce yana ji, sai dai da ya ci kaɗan ta tafi, an jima ta dawo. Sai ta fita.

Da la'asar na gan ta zaune bakin murhu da wani ɗan kwanon sha da take ajiye man shanu a ciki. Ta juye man, ta wanke shi. Ta ɗebo kifi daga tukunya tana marmasa shi da yatsu tana tsince ƙaya ɗaya-ɗaya, ta zuba romo kaɗan, ta gutsuro tuwo bai fi ƙwan zabuwa ba ta sa a gefe. Ta miƙa wa yayana.

"Kai mashi. Ka ce kar shi yi sauri. Kuma kar ka ba shi ruwa."

Kwanon ya dawo ba komai a ciki. Ta karɓa ta leƙa, ta ce, "To." Kafin magariba ta sake aikawa. Washegari tun da safe ta fara, dafaffen ƙwai, an jima alala, an jima kifi. Duk kwanakin da muka yi a Wara wuta ba ta mutu a murhunta ba, yayana kuwa ya gaji da zirga-zirga har ya ce ko a kawo murhun zaure a huta.

Ranar da za mu tafi, maigida ya zo ya durƙusa daga bayan zana ya yi mata sallama, kamar yadda ya saba.

"Inna, a yi mani haƙuri da akushin ranan. Ido na so, wuri ne babu."

"Ba komi," ta amsa daga ciki. "Ka ci abin da ya shiga. Allah shi ƙara lahiya."

Ta ba ni bandar kifi cikin kwando, ta ce in riƙa jiƙa shi ya yi laushi kafin in sa a miya.

Haka rayuwar ta zauna. Cikin ya ɗan buɗe kamar yadda likita ya ce, har ya kai yana cin rabin malmala. Ya koma fita kasuwa da dafaffen ƙwai ko ƙuli-ƙuli a aljihu, yana ci tsakanin ciniki. Ƙarfin ɗaga buhu bai dawo ba, amma dillanci da baki ake yinsa. Telan nan ya rage masa rigunansa duka. A wurin ciyayya shi ke fara sa hannu, shi ke ƙarshen cirewa, kuma shi ne mafi ƙarancin ci.

Abin da ban zata ba shi ne taunar da yake yi a hankali ta sa ya fara jin abin da ke cikin miya. Wata rana yana cin tuwo da miyar kuka a tsakar gida, ya tsaya da loma a hannu.

"Malama, ashe daddawa kike yawaitawa?"

"Tun ranar da na zo gidan ga haka nike sa ta."

Ya yi ɗan tunani. "Ban taɓa tsayawa na ji ba," in ji shi, ya ci gaba da tauna.

Washegari na rage ta. Ya ce ta yi kaɗan.