Mai Zanen da Ke Manta Karin Magana

A barandar asibiti wata mai ɗinki take zaune da mahaifinta, suna jiran likita. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye harshensa ya yi nauyi, sai tsohon ya ɗinke bakinsa don kada a yi masa dariya.

Gabansu wani mai zane ne ke aiki a bango, gajere mai tumbi, gemunsa duk ɗigon fenti, yana rausaya kai kamar mai jin kiɗa. Ya zana mai maganin dā yana daka saiwa a turmi, ga likitar zamani a gefensa tana dariya. Mai ɗinki tana kallon yadda yake sassauta murya in an wuce da majinyaci, ta ce a ranta wannan ya taɓa jinyar wani nasa.

Yana rubuta "Lafiya uwar jiki" a ƙarƙashin zanen, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, ya juyo ga mahaifinta.

"Kai, tsufa! Baba, don Allah mene ne ƙarashen?"

Tsohon ya fara ƙoƙarin magana. Mai zane bai tsinka masa hanzari ba. Can, da ƙyar, kalmomin suka fito: "Babu mai fushi da ke."

"Allah ya ja zamanin malam!" in ji mai zane, har da rusunawa.

Tsohon na dariya, 'yarsa na share hawaye da mayafi. Da aka kira su, ta jiyo mai zanen gaban wata tsohuwa yana tambayar ƙarashen karin maganar nan: "Kai, tsufa! Inna, taimake ni."